Sandata tana sarar ƙasa kafin ƙwallo, wani lokacin kuma ta shafi samanta

Sabon Hannu:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka jima a wasan golf. Idan na ɗauki sandunan ƙarfe, musamman mai lamba 7, dukana ba ya tsayawa a kan hali ɗaya: yanzu sanda za ta sari ƙasa a bayan ƙwallo har ƙwallon ta kasa cin rabin zangonta, a duka na gaba kuma bakin sandar ya shafi samanta ta tafi tana birgima. A wurin atisaye, kan tabarmar roba, komai yana fita lafiya, amma da na shiga fili sai abin ya dawo. Abokan wasana sun ce saurin ɗaga kai nake yi, na kuwa yi ta kafe kai ban ga canji ba. Shin matsala biyu ce, ko ɗaya?

Dattijo daga Jos:

Wa alaikumus salam, Malam. Ɗaya ce, fuska biyu gare ta. Kan sanda yana yin da'ira ne yayin duka, kuma da'irar tana da wurin da ta fi yin ƙasa. A sandunan ƙarfe, wurin nan ya kamata ya faɗo gaban ƙwallo kaɗan, ta ɓangaren da ake harbawa, don sanda ta fara taɓa ƙwallo sannan ta kwashi ciyawa. Naka yana faɗowa a bayanta. Idan sanda ta kai ƙasa a nan, ka sari ƙasa. Idan jikinka ya ji tsoron sarar ya ɗan janye hannuwa, sai sanda ta iso ƙwallo tana kan hanyar hawa, ta shafi samanta.

Abin da ya fi jawo haka shi ne nauyin jiki ya maƙale a ƙafar baya, wato wadda ta fi nisa da inda ake harbawa, tare da ƙoƙarin ɗaga ƙwallo da wuyan hannu kamar mai kwasar tuwo da mara. Ba aikinka ba ne ka ɗaga ta. Fuskar mai lamba 7 a kwance take da kusan digiri 30 zuwa 34, kuma wannan kwanciyar ce ke cilla ƙwallo sama. Ka tsaya da nauyinka ya ɗan fi yawa a ƙafar gaba, ka juya jiki a wuri ɗaya ba tare da ka zame gefe ba, ka kuma tabbata hannuwanka suna gaban kan sanda lokacin da ta taɓa ƙwallo. Batun kafe kai kuwa, ka bar shi, domin yakan hana ƙirji juyawa, abin ya ƙara lalacewa.

Mai Wasan Asuba, Kano:

Bayanin Baba ya wadatar, sai dai in ƙara dalilin da ya sa tabarma take yaudararka. Idan sanda ta sauka a bayan ƙwallo a kan roba, zamewa take yi ta same ta, kai kuma ka ɗauka dukan ya yi kyau. Ƙasarmu ta rani, musamman da hunturu ya busar da fili, ba ta yin wannan sassauci, dukan sanda take ta yi tsalle. Ka ɗauki tsinken ɗora ƙwallo ka ja layi a ƙasa, ka yi ta kaɗa sanda babu ƙwallo har sai kowace sara ta fara daga kan layin zuwa gaba. Bayan nan ka ɗora ƙwallo a kan layin, ka shimfiɗa tawul kamar faɗin tafin hannu a bayanta, ka fara da rabin duka. In tawul ya motsa, ka san inda sandarka ta sauka.

Ɗalibin Golf:

Tare da girmamawa ga manyana, ni ina ganin a fara duba tsayuwa kafin a taɓa yadda yake kaɗa sanda. Sabon ɗan wasa yakan ajiye ƙwallo yau a tsakiyar ƙafafunsa, gobe kusa da ƙafar gaba, bai ma lura ba, alhali wannan kaɗai ya isa ya sauya duka. Malam, ka ajiye sanda ɗaya a ƙasa tana nuna tsakiyar tsayuwarka, ƙwallon da za ka buga da sanda mai lamba 7 ta kasance a nan ko gaba kaɗan. Ka kuma shafa hoda a fuskar sanda don ka ga inda ƙwallo take barin tabo. Kada ka kai wannan gyaran ga babbar sandar bugun farko, domin ita ƙwallonta a kan tsinke take, kusa da ƙafar gaba, kuma ba a so ta ci ƙasa.