Bakin ɗana ya karkace bayan ciwon kunne

Uwar Yara Uku:
Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 4 ya kwana huɗu da zazzaɓi, yana ta jan kunnensa na dama. Jiya da safe na ba shi ruwa, sai na ga yana dalalowa ta gefen baki. In ya yi kuka bakin hagu kawai yake tafiya, idon dama kuwa ko barci yake ba ya rufuwa, farin na leƙowa. Hannu da ƙafa ƙalau. Shanyewar ɓarin jiki ce ta faro? Wallahi ban runtsa ba.

Wata Nas:
Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ki sa shi ya ɗaga gira. In goshin dama bai tattare ba, to jijiyar fuska ce ta taɓu. Shanyewar da ke tasowa daga ƙwaƙwalwa yawanci tana barin goshi yana motsi. Jijiyar nan, ta 7 cikin 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, ta wani matsattsen rami take bi a ƙashin kunne, daf da inda mugunya ke taruwa bayan dodon kunne. Da ta kumbura ba ta da wurin sakewa. Yau ɗin nan ki kai shi, a leƙa kunnen, a taɓa ƙashin bayansa. Wani lokacin sai an huda dodon kunne an zuƙe mugunyar, a kuma ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Baban Biyu:
Tawa 'yar ma bakinta ya taɓa karkacewa, ita ƙuraje ne masu ruwa suka feso mata cikin kunne. Ashe ƙwayar ƙarambau ce da ta yi tun tana ƙarama ta kwanta a jijiya, ta sake tashi. Likita ya kira shi Ramsay Hunt. Sai da ya tambaye mu ko ta yi hangum, da ko kaska ta cije ta, don a Amurka da Turai cutar Lyme, da ake ɗauka ta cizon kaska, na yawan kawo wannan. Hajiya, ki kula da idon nan sosai. Mu mun yi sakaci ya bushe ya yi jajur. Maganin ɗigawa da rana, da dare a shafa man ido a rufe da filasta.

Uwar Yara Uku:
Na gwada, girar dama ko motsi. Na gode ƙwarai, ga mu nan mun kama hanyar asibiti.