Me za mu kira airstrip da Hausa? Ina buƙata kafin Juma'a

Mai Fassara: Salamu alaikum jama'a, a taimaka don Allah. An ba ni takarda in mayar Hausa, za a karanta wa dagaci da masu gonakin kusa ranar Juma'a bayan an sakko daga masallaci. Wani manomin shinkafa ne a wajen Haɗeja yake son ya ware wuri a gonarsa da ƙaramin jirgin feshi zai riƙa sauka saboda tsuntsayen jan-baki, ba kwalta ba gini, jar ƙasa ce za a daɓe tsawon kamar kilomita 1. In na ce filin jirgi mutanen nan za su ɗauka irin na Malam Aminu Kano ne, za a karɓe musu gonaki, taro ya watse.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Sa burjin jirgi kawai. Aikin ai na burji ne, gireda ta kankare, a zuba marmara a yayyafa ruwa rola ta bi, tsakiya ta ɗan yi tudu don ruwan sama ya gangara gefe, a tone suri har gindi in ba haka ba gara ta sake tayar da shi. Bambancin shi ne dole ya miƙe sak ya bi layin iska, don jirgi iska yake fuskanta wajen tashi da sauka, mu kuwa ta hunturu daga arewa maso gabas take zuwa ta damina daga kudu maso yamma, shi ya sa titin filin jirgin Kano yake da lamba 06/24, wato ya miƙe tsakanin arewa maso gabas da kudu maso yamma.

Malamin Hausa: Injiniya burji hanyar mota ce, ka kira shi haka gobe a-kori-kura za ta hau. Muna da ma'aunin sunan wuri, mahauta, mashaya, makaranta. Jirgi ya dira, wurin kuma madira. Madirar jirgi. Na daɗe ina koya wa ɗalibaina ita.

Ɗan Damagaram: Mu nan pisti muke cewa, kowa ya gane.

Malamin Hausa: Faransanci ne wannan ɗan'uwa, mun gudu daga na Ingila mu faɗa na Faransa? Abin da ke kashe harshen nan kenan, ragwancin ƙirƙira.

Ɗan Damagaram: Haba Malam, yanzu aka ce gireda aka ce rola ba ka tanka ba, sai namu ne aro? Kullum sai ku nuna Hausar Kano ce kaɗai Hausa, mu ma da ita aka yi mana yaye.

Malamin Hausa: Ban raina Damagaram ba wallahi. Amma jirgi kansa na ruwa kakanninmu suka sani, da na sama ya fara sauka Kano a 1925 ba su ari sunansa ba, nasu suka faɗaɗa.

Injiniya: To ai hujjata kenan Malam, faɗaɗawa suka yi, ba sabuwa suka ƙera ba.

Hajiya: Ku dai bar musun nan, bawan Allah yana da aiki. Ɗana, dagaci ba zai tambaye ka nahawu ba, zai tambaya ko an tare burtali, ko za a yi shinge saboda yara da awaki, da kuma ko mai gonar ya samo izinin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, don ba a sauke jirgi haka kawai wai don gonarka ce. In ka ce madira sai ka tsaya fassara fassarar.

Mai Fassara: Na gode Hajiya, shinge da izini duk suna cikin takardar, burtali ne babu, zan tuntuɓi mai aikin yau. A farko zan rubuta burjin saukar ƙaramin jirgi, in ƙara da cewa ba na mota ba ne, daga nan in ci gaba da burjin jirgi.

Malamin Hausa: Ban gamsu ba gaskiya, kalma huɗu inda ɗaya ta isa. Amma tunda Juma'a ta matso je ka da shi, ka dai saka madira ko sau ɗaya ne kunnuwansu su fara jin ta.