Ina ruwan saman dajin Kudu shika zuwa?

Manomin_Kware:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masana harkar ƙasa ku taimaka min da wagga tambaya. Mu nan Sakkwato ruwan da muka samu shekara duka bai wuce milimita 600 zuwa 700 ba, amma da an yi ruwan sa'a guda sai fako shi koma gulbi, kwari shi ci gona, kwana ukku kuma ƙasa ta bushe ƙarau. To wajen Kalaba an ce suna samun kusan 3000 a shekara, kuma cikin dajin Kuros Riba ba ka ganin ruwa na gudu bisa ƙasa irin namu. Ina ruwan ga duka shika zuwa? Ƙasarsu ta fi tamu sha ne ko mi?

Malamin_Gona:
Wa alaikumus salam Alhaji. Tun kafin ruwan ya taɓa ƙasa ma ganyen itatuwa sun tare wani kaso, wajen kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, ya bushe a can sama ya koma iska. Wanda ya sauko kuma ba kan ƙasa tsirara yake faɗuwa ba, busasshen ganye ne shimfiɗe, to ɗigon ba shi da ƙarfin da zai daka ƙasa ya toshe mata fuska kamar yadda yake yi wa fako a nan, ai ɓawon nan da kake gani a saman fako ɗigon ruwa ne da kansa ya yi shi.

Amma babban abin yana ciki. Ƙasar daji cike take da ramuka, na gara, na tana, na tururuwa, ga kuma gurbin saiwar da ta mutu ta ruɓe ta bar hanya a buɗe, ruwa sai ya bi waɗannan ya zurara ƙasa da sauri tun bai samu damar taruwa ba. Wani abin mamaki, jar ƙasar irin dazukan nan, ta Amazon da ta Kongo, laka ce da yawa amma ƙarfen da ke cikinta ya ɗaure ta ƙanana ƙananan dunƙule, sai take tace ruwa kamar rariya, alhali cikin kowane dunƙule akwai danshin da ta riƙe. Saboda haka kar ka ɗauka kowane taƙi ɗaya na ƙasarsu ya fi namu ajiya sosai, a'a, zurfi ne da ita, wani wuri sai ka yi mita goma ko fiye ba ka tarar da dutse ba, duk wannan ma'ajiya ce. Abin da ya wuce nan ya gangara a hankali ya fito a ƙorama, shi ya sa rafinsu ba ya ƙafewa da wuri.

Direban_Goro:
Malam ban ƙi ta taka ba amma ni da nake bin hanyar nan na ga zaizayar da ta fi ta Sakkwato muni wallahi, je ka Nanka da Agulu a Anambara ka ga kwazazzabon da ya haɗiye gidaje. To ina ramukan garar suka je lol

Malamin_Gona:
Ai ka kawo hujjata ne ɗan'uwa. Can ƙasar rairayi ce mai saurin ɓarewa, ga gangare, an sare daji an yi hanyoyi da gine-gine, ruwan kwano da na kwalta duk ya taru wuri ɗaya. Ko a Amazon haka ne, inda aka sare aka zuba shanu, kofato ya danne ƙasa ramukan suka toshe, ruwa ya koma gudu a sama.

Ɗalibar_Dundaye:
Malam da izininka in ƙara kaɗan. Itatuwan ma da kansu suna kwashe ruwan, kusan rabin ruwan da ake yi a Amazon ta ganye yake komawa sama ya sake zama hadari. A jihar Para ta Barazil an tarar da saiwa a zurfin wajen mita 18, da ita suke sha lokacin rani shi ya sa ganyensu ba ya kaɗewa. Kuma da dare wasu saiwoyin sukan ɗauko ruwa daga can ƙasa su sake shi a saman da ya bushe, ƙananan tsirrai su samu. Mu ma gawonmu saiwarsa har ruwan ƙarƙashin ƙasa take kaiwa, shi ne yake kore shar da rani.

Manomin_Kware:
Allah shi saka da alheri ƙanwata. To Malam mu da ba mu da daji fa?

Malamin_Gona:
Maƙwabtanmu na wajen Tawa a Nijar sun daɗe da dabara, tassa. Da rani za ka haƙa ƙananan ramuka a fakon, zurfin taƙi ɗaya haka, ƙasar da ka fidda ka tara ta ɓangaren gangare, ka zuba takin dabba cikin kowane rami. Gara za ta zo cin takin ta huda maka ƙasa kyauta, ruwan farko ya zauna ciki ya nutse, sai ka shuka gero ko dawa a ramin. Karan gona kuma a rage kwashe shi duka, a bar wani kwance.

Manomin_Kware:
Tassar zan gwada bana in Allah ya so. Maganar kara dai da wuya Malam, da shi muka danni kuma shi bisashe ka ci, ko na bar shi kafin sati wani ya ɗauke.