Masu sana'ar kunun zaki, wane mazubi ya fi dacewa da tsimawa da kuma zuba wa masu saye?

Mai Kunun Samaru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a sana'ar nan. Kunun zaki nake yi na sayarwa, wata bakwai kenan da farawa, ina zama bakin titi nan Samaru inda ɗalibai ke wucewa, wani lokacin kuma ƙanena ya ɗauka a kula ya zaga shaguna. Da hunturu komai lafiya lau, kunu ya kai la'asar da zaƙinsa. To tunda zafin nan ya shigo abin ya canza, in na haɗa da daddare na tace da asuba kafin azahar ya fara tsami yana kumfa, gorunan su kumbura su yi tauri kamar dutse, shekaranjiya ma guda biyu suka yi bindiga a cikin kula suka ɓata min sauran. Mudu 4 na gero nake jiƙawa kullum, a wani tsohon bokitin fenti da na wanke tas nake tsimawa. Yanzu na kwashi adashe ina so in sayi kayan kirki, wani ya ce in sayi shuɗin duro a kasuwar Sabon Gari, wata ta ce randa, wani kuma ya ce bokiti mai famfo kawai in tsima a ciki in sayar a ciki. Kuɗin ba yawa gare su ba, bana so in saya in dawo ina da na sani.

'Yar Tudun Wada:
Wa alaikumussalam ƙanwata, Allah ya sa albarka a nema. Bokitin fentin nan dai tun yau ki mayar da shi na wanki, wlh duk wankin da kika masa bai zama na abinci ba, kuma na tabbata in kika shafa cikinsa za ki ji duk ya karce, to a cikin karcen nan tsamin jiya yake maƙalewa ya jira kunun yau. In kin shiga kasuwa ki ɗauki sabon bokiti fari mai murfi ki kifa shi, a gindinsa akwai 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki, 2 ko 5 kike nema. Na lita 40 zai ishe ki da mudu 4, kar ki cika shi taf. Shuɗin duro kuwa da yawansu sinadarin kamfani aka shigo da shi a ciki, in mai sayarwa bai iya faɗa miki abin da ya taɓa zama ciki ba ki bar masa kayansa. Bokitin ƙarfe irin na da da tukunyar alminiyam su ma banda su wajen kwanan kunu, tsami yana cin jikinsu har ki ji ƙarnin ƙarfe a baki. Ki dafa ruwanki a tukunya ba laifi, amma kwana a roba ko a randa. Ni dai randa nake so, ita na taso na ga Innarmu na amfani da ita, kunun ciki sanyinsa da ƙamshinsa daban ne.

Ɗan Wusasa:
Anti ki yi haƙuri zan ɗan saɓa miki a kan randa. Mu Kirista ne, kakata burukutu ta yi ta dafawa har ƙarfinta ya ƙare, a gabana ake jiƙa dawa a baza ta ta tsira a shanya a niƙa a dafa, na san tukwanen nan ciki da bai. Abin da yasa masu burukutu ke ji da tsohuwar randa shine tana riƙe yis a cikin ƙofofin jikinta, ƙasa ce, shan ruwa take. In aka zuba sabon dahuwa ba ya daɗewa ya fara tashi yana tsuwa, sabuwar randa kuwa sai an haɗa mata da ragowar na baya. To kinga abin da su suke nema shi ne 'yar uwarmu take gudu. Tsiron da ake sawa a kunu da ɗanyen dankali aikinsu ɗaya da tsiron dawa, su mayar da sitaci sukari, shi yasa kunun ke tsinkewa ya yi zaƙi. In sukarin nan ya haɗu da yis ga zafi, iska ce za ta fita da barasa kaɗan kaɗan, iskar nan ita ta fasa miki gora. Shawarata kar ki danne murfi gam lokacin tsimawa, ki ɗora shi sakwa-sakwa ko ki ɗaure bakin da farin ƙyalle mai tsabta. Masu yin giya a gida a Turai har huda murfi suke su sa siririn tiyo, ɗaya bakin su tsoma a gorar ruwa, iska na fita ƙuda da ƙura ba su shiga, amma na kwana da kwanaki ne wannan, ke da naki dare ɗaya ne ƙyalle ya wadatar.

'Yar Tudun Wada:
Ikon Allah, ɗana ka faɗi gaskiya, dama nakan lura tsohuwar randata ta fi saurin tsami da bazara ban taɓa kawo dalilin ba. To ta bar randa ta zama ta sanyaya goruna kawai.

Baba na Ƙofar Doka:
'Yata, zancen yaron nan na Wusasa ya tuna min abin da muka karanta a zaure. Lokacin da baƙin ƙabilar Abdul Ƙais suka zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana su jiƙa dabino a wasu mazubai guda huɗu, ciki akwai duma da kututturen dabino da aka fafe, malamai suka ce saboda abin sha na saurin juyewa a cikinsu mutum bai sani ba. Daga baya aka sassauta, aka bar hani a kan abin da ke sa maye kawai. Ashe tun can an san mazubi na da hannu a lamarin. Kunun da aka tace da asuba aka sha a yininsa ba wanda ya ce komai a kansa, amma wanda ya kwana biyu a zafin Afrilu yana kumfa yana yaji a hanci, ki zubar, kar ki ƙara sukari ki ba 'ya'yan mutane. Ki rage mudu ya zama daidai cinikinki har damina ta sauka.

Ɗalibar Kongo:
Yaya ni a kan famfo zan yi magana don a gida mun sha wahalarsa. Kar ki yarda da shawarar bokiti ɗaya, na tsimawa daban na sayarwa daban, saboda kunu ba ruwa bane yana da gari, garin nan yana kwanciya a maƙogwaron famfo da bayan robar da ke toshe yoyo, ki wanke bokiti ya yi fes amma in kika kwance famfon ki ga wani farin yauƙi mai wari, duk kofin da kika tsiyaya ta cikinsa ya bi. Ki nemi famfon roba mai faɗin baki wanda ake kwancewa da hannu, ko na sitenles in kuɗi sun kai, a huda masa wuri sama da gindin bokiti kamar yatsa biyu. Na tagulla irin na masu aikin famfo kar ki sa, wasunsu akwai dalma a haɗinsu kuma abu mai tsami na jawo ta. Kullum da yamma ki kwance, ki sa tsohon buroshin haƙori da sabulu, sannan ki jiƙa a ruwan bilic marar turare, cokalin cin abinci ɗaya a lita 4, minti kaɗan, ki ɗauraye sosai ki kife ya bushe. Abin tata ma haka, shi kam tafasa shi ya fi.

Sai sanyi, shine rabin maganin, da kin tace ki sanyaya nan take kar ki bari rana ta fito masa. Tunda wuta ba tabbas ki sayi ƙanƙara ki jera a kula amma kar ki jefa ta cikin kunun, baki san ruwan da aka yi ta da shi ba. In ba ƙanƙara akwai dabarar nan ta Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa da ta sa aka ba shi kyautar Rolex a 2000, ƙaramar randa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi a rufe da jiƙaƙƙen buhu a inuwa, da bazara da iska ke bushe tana aiki sosai, da damina ne take rauni. Goruna kuma ki bar wuya kar ki cika, sukari ki sa dab da fita.

Mai Kunun Samaru:
Kai, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na ji, daga gobe mudu 3 zan jiƙa. Yanzu na je na shafa cikin bokitin fentin, wlh kamar yadda Hajiya ta Tudun Wada ta faɗa duk ya karce har wani baƙi-baƙi a lungun gindinsa. Ranar Asabar in sha Allahu zan shiga Sabon Gari in sayo fararen bokitai biyu, ɗaya mai murfi ɗaya in kai a sa masa famfo, randar gidanmu kuma in nemo mata ƙarama da yashi. Ƙanwata ta Kongo, famfon roban nan a layin masu kayan roba zan tambaya ko wajen masu kayan famfo? Kuma goruna sababbi da ake sayarwa a dozin, su ma sai na jiƙa su a ruwan bilic ɗin kafin in ɗura?