Me za mu kira tashoshin free-to-air da Hausa?

Mai tambaya, Tudun Wada: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta ɗan jagora da Hausa domin yaran da ke koyon haɗa dish, kuma kalma ɗaya ta tsayar da ni: free-to-air, wadda dikoda ke taƙaitawa da FTA. Abin da take nufi a fili yake. Tasha ce da mai ita ya harba zuwa tauraron ɗan adam ta dawo ƙasa ba tare da ya ɗaure ta da lambobin sirri ba. Duk mai faranti da elembi (LNB, 'yar na'urar da ke gaban faranti tana karɓar sigina) da dikoda, in ya saita daidai, zai kalla, ba kati, ba kuɗin wata. Irin su tashar Alƙur'ani da ke nuno ɗawafi daga Makka, da ta Sunna daga Madina, da Aljazira, da France 24. Kishiyarsu su ne irin na DStv da StarTimes, waɗanda sai ka biya. Na ji ana cewa tashoshin kyauta, wasu su ce na ba-biya. Ni zuciyata ta fi kwantawa da buɗaɗɗun tashoshi. Masu sana'a da masana harshe, ku taimaka.

Mai haɗa dish, Sabon Gari: Wa alaikumus salam Malam. Ai kasuwa ta riga ta raɗa suna. Mutum zai shigo shago ya ce "ka haɗa min na kyauta," ni kuma na gane. Me ya sa za mu canja abin da kowa ya sani?

Mai tambaya: Maigida, kai ka fi ni sanin wannan, amma duba abin da kalmar kyauta ke ɗauke da shi a bakin mutane yau. Abu uku ne aka cusa a ciki. Akwai tashar da mai ita ya sake ta don kowa ya gani. Akwai wadda kamfani ya kulle, wani ya samo lambobi ko ya jona dikoda da intanet ya fasa ta. Akwai kuma ta biya da kamfani ke buɗewa na ɗan lokaci don talla. Duk ukun mai gida ba ya biyan ko kwabo a wata, don haka duk kyauta yake kiran su. Ran da kamfani ya canja lambobinsa, ta biyun ta ɗauke, wa ake zuwa a kama? Yaron da ya hau rufi ya haɗa. A ce ya ci amana, ya yi alkawarin kyauta ga shi ta mutu. Alhali ƙofar da mai gida ya bari a buɗe daban take da wadda aka ɓalle wa kwaɗo, ko da duk biyun an samu shiga. Ina son kalmar da za ta raba su tun a bakin shago, kafin a yi ciniki.

Kuma na'urar kanta ta raba su. In ka gama lalubo tashoshi ka buɗe jerin sunaye, a dikodoji da yawa za ka ga alamar $ a gefen wasu. Waɗannan su ne kullallu. Kafin ka fara laluben ma tana tambayarka: duka, ko FTA kaɗai? Wannan gurbin nake son yaro ya karanta ya san me yake zaɓa.

Malama, Samaru: Malam, ina bayan buɗaɗɗiya, kuma dalilina na nahawu ne. Kalmar da za ta rayu ita ce mai 'yan uwa. Buɗaɗɗiyar tasha, buɗaɗɗun tashoshi, kishiyarta kullalliya, kullallu. Aikatau ɗin ma yana nan: an buɗe ta, an kulle ta, jiya a buɗe take. Masu kallo sun daɗe suna cewa "sun kulle tashar nan" ba wanda ya koya musu. Ba-biya kuwa ba ta da jam'i mai daɗi, kuma in tasha ta sauya hali ba yadda za ka juya ta.

Wani dattijo, Ƙofar Doka: 'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka da wannan aiki. A garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Malam Abubakar Imam na editanta, don haka neman wa baƙon abu suna ba sabon abu ba ne a Zariya. Sai dai ku auna kalmar da kunnen magidanci. In ka ce masa za ka sa masa buɗaɗɗun tashoshi na ƙasashen waje, ina tsoron ya ji kamar tashoshin da ba su da kunya ake nufi. Me zai hana a ce tashoshin sadaka?

Mai tambaya: Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan tsoron naka na ɗauke shi da muhimmanci, don in aka lalubo tauraro guda tashoshi ɗaruruwa ne ke zubowa, kuma ba duka ne suka dace da falon da yara ke zaune ba. Zan sa babi a jagoran cewa aikin mai haɗawa bai ƙare ba sai ya zauna da mai gida sun goge abin gogewa, sun sa lambar tsaro a kan sauran. Amma sadaka ba za ta yi ba, Baba. Sadaka don Allah ake yin ta. France 24 gwamnatin Faransa ke ɗaukar nauyinta, DW ta Jamus ce, kuma suna son muryarsu ta iso gidajenmu ne. Wasu kuma talla ke biyan su, idon mai kallo shi ne hajarsu. In muka kira wannan sadaka mun ba su ladan da ba su nema ba, mun kuma sa mai kallo ya sake jiki inda ya kamata ya riƙa tambayar wa ke magana. Buɗaɗɗiya ba ta yabo ba ta zagi, halin siginar kawai take faɗa.

Mai haɗa dish: To Malam, na yarda da batun rigimar, don ta sha faruwa a layinmu. Amma tunda littafin na yara ne, ka gaya musu buɗewar tasha ba ta nufin kamawa da sauƙi. Taurarin nan suna can saman tsakiyar duniya, nisan kusan kilomita 36,000, suna juyawa daidai da juyin ƙasa, shi ya sa ake ɗaure faranti wuri ɗaya a bar shi. Mu a Zariya muna wajen digiri 11 arewa, don haka ɓangaren kudu muke kallo, kuma sama sosai. Tauraron Nilesat yana digiri 7 yamma, sai ka fuskanci kudu maso yamma. Badr na Arabsat yana digiri 26 gabas, sai kudu maso gabas. Ƙasashen Larabawa aka nufa da haskensu, mu a gefe muke, farantin da ya wadatar a Masar ba lallai ya wadatar a nan ba.

Inda yara ke faɗuwa shi ne sandunan sigina biyu da dikoda ke nunawa a allo lokacin saiti. Ta sama za ta cika, yaro ya yi murna, alhali ita ba ta faɗa maka komai sai cewa waya da elembi suna da rai. Ta ƙasa ce aikin. Yaro ɗaya yana kan rufi ya sassauta noti, ɗaya yana gaban talabijin. Na sama ya matsa faranti kamar faɗin yatsa ya tsaya, ya jira, na ƙasa ya ce "ba komai," ya sake matsawa, sai ka ji "tsaya, ta motsa!" Daga nan ba a ƙara taɓa faranti da ƙarfi. Sai a murɗa elembi a cikin zobensa a hankali, don a nan yankin murɗin yana da yawa, kuma gefen da ka murɗa wa Nilesat ba shi za ka murɗa wa Badr ba. A cikin dikoda, a gurbin saitin elembi, a tabbata an sa 9750 da 10600 in elembin gama-gari ne. Mai son taurari da yawa a dikoda ɗaya ya sa ɗan akwatin DiSEqC mai sauya tsakanin elembi, akwai mai ɗaukar elembi huɗu. A naɗe mahaɗin waya da tef saboda damina. Kuma a faɗa wa mai gida tun wuri: in hadari ya haɗu hoto zai daskare, haka wajen Maris da ƙarshen Satumba rana kan bi ta bayan tauraro ta ɗauke sigina na 'yan mintoci. Ba kullewa ba ce, kada ya hau ya taɓa.

Shi elembin fa, za ku nema masa suna? Wasu na cewa kan dish, wasu ido.

Malama: A bar shi elembi, Maigida. Ya riga ya zauna a baki kamar rediyo, kuma ba ya ruɗa kowa. Inda ruɗani ke jawo asara ne ake buƙatar sabuwar kalma.

Mai tambaya: Madalla. Ga abin da zan rubuta: buɗaɗɗiyar tasha ga wadda mai ita ya sake, kullalliya ga ta biya, fasasshiya ga wadda aka shiga ba da izini ba. Saboda maganar Baba, a karon farko zan cike ta: buɗaɗɗiyar tasha, wato wadda ba a kulle da kati ba.

Mai haɗa dish: Fasasshiya ta yi min, da ita zan riƙa gargaɗin masu saye. Saura sandunan nan biyu, Malam. Ta sama muna ce mata ƙarfi. Ta ƙasa har yanzu kwaliti yaran ke cewa. Inganci za mu ce, ko tsabtar sigina?