Na tarar da ƙwayoyin maganin ’yata a ƙarƙashin katifa, wata biyar bayan dashen ɓargo

Maman Biyu:
Assalamu alaikum. ’Yata sikila ce, shekararta 15. Wata biyar ke nan da aka yi mata dashen ɓargo a Indiya, ƙanenta ne ya ba ta. Fili muka sayar kafin kuɗin ya cika. Alhamdu lillahi, tun daga lokacin ciwon ƙashi bai sake tasar mata ba. Jiya ina gyara ɗakinta na ɗaga katifa, sai ga ƙwayoyin cyclosporine 11 a ƙulle cikin leda. Ƙafafuna suka kasa ɗaukata. Da na tambaye ta sai ta fashe da kuka, wai gashi ya fito mata a fuska, dasashinta ya kumbura, ko madubi ba ta son kallo. Kakarta kuma kullum faɗi take ai an warke, a bar yarinya ta huta da magani. Jiya ban runtsa ba. Yaya zan yi?

Ɗan Famasi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Yau ɗin nan ki kira likitocinta, ki faɗa musu adadin da ta tsallake ba ragi. Kada ki ninka mata don a rama. Maganin nan shi ke danne garkuwar jiki don sabon ɓargon da jikinta su zauna lafiya. In ya yi ƙasa a jini, ko dai ɓargon ya far wa fata, hanji da hanta, ko jikin ya ƙi shi, sikilar ta dawo. Dalilin da na ce kada ki ɓoye: ana auna yawansa a jini kafin shan na safe. In likita ya ga ya yi ƙasa bai san ba ta sha ba, ƙara mata zai yi, ranar da ta dawo sha kuma ya taɓa ƙoda. Ki duba tafin hannu da na ƙafa ko akwai ƙuraje ja, ki kula da gudawa ko ido ya yi rawaya. Zazzaɓi ya kai 38, asibiti ko da tsakar dare ne. Ki kuma tambaye su batun tacrolimus, wani magani ne mai aiki irin na cyclosporine, shi bai cika kawo gashi da kumburin dasashi ba. Kada ta sha ibuprofen, diclofenac, lemon garehul da jiƙe-jiƙen gargajiya.

Wanda Aka Yi Wa Dashe:
Mama, don Allah kada ki yi mata faɗa. Ni ma na yi haka, ina da shekara 22 ma. Tun ina yaro nake haɗiyar magani, aka ce dashe ne ƙarshen wahala, sai na dawo gida da leda cike da acyclovir, Septrin da sauransu. Kwana huɗu na bari, fatata ta yi ja tana ƙaiƙayi, aka ɗora ni kan prednisolone har fuskata ta kumbura fiye da abin da nake gudu. Abin da ya taimake ni, likita ya zaunar da ni shi da ni, ya nuna mini yadda za a riƙa rage maganin a hankali har a daina. Gashin ma ya zube bayan nan. Ki bari ta yi magana da likita da bakinta.

Anti Nas:
Ki sa ƙararrawa a waya, takwas na safe da takwas na dare, ki tsaya har ta haɗiye. Kakar kuma ki tafi da ita asibiti ta ji da kunnenta, daga bakinki ba za ta karɓa ba. Ki riƙa ajiye na wata guda a gaba, ba kowane kemis ke da shi ba.

Maman Biyu:
Allah ya saka da alheri. Na kira, sun ce a ɗebi jini gobe kafin ta sha na safe. Na duba hannunta, babu ƙuraje. Na daren nan a gabana ta sha. Ku sa mu a addu’a.