Tambaya: 8 bit ko 16 bit wajen gyaran hoto?

Mai Studiyo, Sabon Gari:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sana'a. Hotunan biki da aka ɗauka a fili, in na ƙara haske a Photoshop sai sararin sama ya fito layi-layi, haka ma labulen bayan amarya. An ce in maida su 16 bit. Mece ce wannan bit ɗin, kuma ita ce maganin?

Ɗan Tibiri:
Wa alaikumus salam, Malam. Kowane ɗigo na hoto haɗin launi uku ne: ja, tsanwa da shuɗi. A 8 bit, kowane launi yana da mataki 256 daga duhu zuwa haske. A 16 bit, mataki 65,536. Sama mai hazo irin tamu ta lokacin hunturu ba ta cin fiye da 'yan matakai kaɗan, to in ka ja su da Curves, wato kayan gyaran haske na Photoshop, sai su rarrabu, ido ya ga iyakar kowanne. Duba histogaram, zanen da ke nuna rabon haske da duhu a hoton, bayan gyaran: in ta yi gibi-gibi kamar haƙoran mataji, matsalar ke nan.

Amma a kula. JPEG 8 bit ne kawai, maida shi 16 ba ya dawo da abin da kyamara ta riga ta zubar. Ɗauki hoton a RAW, wato ɗanyen fayil na kyamara, mai riƙe bit 12 ko 14 (mataki 4,096 ko 16,384). A Camera Raw, sashen Photoshop da ke buɗe fayil ɗin RAW, danna rubutun da ke ƙasan hoton, ka zaɓi 16 kafin ka buɗe shi.

Hajiya Mai Hoto:
Ɗan'uwa, JPEG ɗin da ke hannunka ma bai lalace ba. Shiga Image > Mode > 16 bits/couche, ga mai Photoshop na Faransanci, kafin ka taɓa komai. Hakan yana hana kurakuran lissafi taruwa daga gyara zuwa gyara. In layin bai ɓace ba, ware saman kaɗai ka zuba mata Noise, wato ƙananan ƙwayoyi kamar yashi, kashi 1 ko 2 cikin ɗari, ka zaɓi Gaussian da Monochromatic. Ƙwayoyin za su karya iyakokin.

Lissafa nauyi kuma: hoton megapiksal 24 yana kai mega 72 a 8 bit, 144 a 16, tun ba a ɗora masa leya, wato shimfiɗar gyara, ba. Kwamfuta mai RAM giga 4 za ta yi ta ja da ƙyar.

Ɗan Tibiri:
Gaskiyar Hajiya. Ajiye aikin a PSD ko TIFF, sai an gama a fitar da kwafi na JPEG, a tsarin launi na sRGB, don mai wankin hoto. Filter Gallery ba ya buɗewa a 16 bit, a bar shi ƙarshe. 32 bit kuwa ta HDR ce, wato hoto mai riƙe tsananin haske da duhu a tare, hoton biki ba ya buƙatarta.

In za ka tura wa wanda ya ba ka aikin ta WhatsApp, tura shi a matsayin Document. In ba haka ba manhajar za ta matse shi, layin ya sake fitowa.